Ɗiyata ta nemi karatun lauya a jami'ar Kirista: ga abin da muka tarar a hanya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka ko da wasiƙar ta ɗan yi tsawo. Ni tsohon mushen lakwal ne. Shekara 31 na yi da alli a hannu, yawancinsu a ƙauyukan Madarunfa da Gidan Rumji, kafin a maido ni cikin garin Maraɗi inda na yi ritaya. Ɗiyata ta uku ta ci bak, jarrabawar gama lise, bana, kuma ta ajiye takardun neman karatun shari'a a wata jami'a ta Kiristoci. Maganar nan ta raba kan gidanmu wata biyu cur, ta ci mini kuɗin da ba ni da irinsu, ta kuma nuna mini cewa abin da muke ta gardama a kansa a zaure daban, ramin da ke gaban ƙafarmu daban. Na san akwai iyaye a Tasawa, Dakoro da Agye da ke tsaye inda na tsaya, shi ya sa na ɗauki biro.

Sai na fara da gona, don daga can abin ya taso. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da fadama a bakin gulbi, irin wadda ake cin dawa da damina a ci tumatir da rani. A yunwar 1984, wadda mutanen nan ke kira El Buhari, ya ba wani amininsa aron rabinta don shi ma ya samu abin sa wa iyalinsa a baki. Da baki aka yi, gaban dattawa uku, aka shafa fatiha aka watse. Shekaru suka tura, Baba ya rasu, aminin ya rasu, dattawan nan uku duk suka bi su. Ranar da muka je karɓar gonarmu, ƴaƴan mamacin suka ce ubansu saye ya yi. Muka je gaban mai gari, daga nan fadar sarki, daga nan gidan shari'a. Shekara huɗu muna kai da kawowa. Ban ce an zalunce mu da gangan ba. Alƙali da abin da aka shimfiɗa gabansa yake aiki, mu kuwa ba mu da komai a hannu sai maganar matattu. Daga baya ne na ji cewa tun 1993 ƙasar nan ke da dokar karkara, kuma akwai hukumomin filaye da ake kira kofo, masu rubuta takardar aro, ta jingina, ta saye da ta kyauta. Da mun san haka tun Baba da shaidunsa na raye, takarda ɗaya ta ishe mu. Ranar da aka yanke hukunci ɗiyar nan tawa tana da shekara tara. Tana zaune a gindin kakarta lokacin da muka shigo gida da labarin, ta ga tsohuwar ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Tun daga ranar, duk wanda ya tambaye ta me za ta zama, amsarta ɗaya ce.

Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo da ke nan garinmu ƙarfinta na wajen noma, kimiyya da aikin lafiya, don haka ɗan Maraɗin da ke son shari'a a jami'ar gwamnati sai ya ɗaura kaya. Ko ya nufi Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko ta Jibo Hamani a Tawa, ko Jami'ar Musulunci ta Sayi da aka buɗe a 1986, wadda ta fi dacewa da mai Larabci sosai. Mun ajiye mata takardu a Yamai da Tawa, kuma har yau ban janye su ba. Ba raina namu ne ya kai mu waje ba.

Ran nan ta je siber buga takardu, sai ga ta da lambar wani mutum. Ya zo har gida da jaka da kwamfuta, ya zauna a tabarmata, ya sha ruwana. Ya ce shi wakilin wata makarantar lauyoyi ce ta Kiristoci a Amurka, wai suna neman ƴan mata daga ƙasashen Sahel, karatu kyauta, masauki kyauta, har da kuɗin jirgi. Ya nuna mana hotunan manyan gine-gine da ciyawa kore shar. Kuɗin buɗe dosiye kawai zan biya, jikka 150. Na kwance raguna biyu da nake turka na kai kasuwa, na ba shi kuɗin, ya ba ni rasi mai hatimi. Bayan mako biyu ya dawo ya ce saura takarda guda, wasiƙar fasto mai shaida cewa yarinyar mai zuwa coci ce. Na ce masa ai mu Musulmi ne, kuma tun ranar farko na faɗa masa. Ya ce kada in damu, da jikka 50 zai samo wasiƙar, takarda ce kawai, ba mai bincike. Nan jikina ya yi sanyi. Yarinyar da za ta tafi koyon tsayar da gaskiya, a ce ƙofar farko da za ta shiga ƙarya ce, ƙaryar ma a kan addininta? Na ce ya maido mini kuɗina. Daga ranar wayarsa ba ta sake shiga ba.

Maƙwabcina na jikin katanga Kirista ne, Bagobiri mutumin Tsibiri, wanda ya yi shekaru yana aikin jinya a asibitin mishan na Danja. Duk unguwa Majo muke ce masa. Shekara 18 muna tare, naman layyarmu na shiga gidansa, shinkafar Kirsimetinsu na shigowa namu. Nauyi ne ya hana ni tuntuɓarsa tun farko, ina ganin kamar zan sa shi tsaka mai wuya. Da na kwashe labarin na faɗa masa, ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "Mushe, da ka leƙo ta katanga, da ragunanka na nan ɗaure." Ya kira ɗansa, wanda ya iya Turanci, yaron ya buɗe mana intanet muka zauna har bayan isha.

Ga abin da muka gano, kuma ina so duk uban da aka zo wa da irin wannan zance ya riƙe shi. A Amurka ba a shiga makarantar lauyoyi daga lise. Sai mutum ya gama digirin farko na shekara huɗu a wani fanni, yawanci ya zauna wata jarrabawa da ake kira LSAT, sannan ya yi shekara uku ya samu digirin da suke kira JD. Bayan nan ma akwai jarrabawar zama lauya, kowace jiha da ƙa'idarta. Makarantun Kirista na gaske suna nan, irin Notre Dame ta ƴan Katolika a jihar Indiyana, da Regent da Liberty a jihar Bajiniya, amma kuɗin shekara ɗaya dubban daloli ne masu yawa, kuma ɗalibi da kansa yake nema ta intanet. Duk wanda ya ce zai kai yaro mai bak zalla karatun lauya a can, ya faɗi abin da babu shi. Kuma ko da ta je ta gama lafiya, dokar Amurka za ta koyo, ba wadda alƙalin Madarunfa ke buɗewa a teburinsa ba.

Wannan batu shi ne ya fi ɗaure mini kai, don ban taɓa jin wani ya tayar da shi ba a duk gardamar da aka yi a gidanmu. Zazzaɓin cizon sauro ɗaya ne a Maraɗi da Katsina, maganinsa ɗaya, likitan da ya koya a can zai warkar a nan. Shari'a ba haka take ba. Tsakaninmu da Katsina bai kai kilomita 100 ba, harshenmu ɗaya, kakanninmu ɗaya, amma da ka wuce Ɗan Isa ka shiga Jibiya ka bar dokar da muka gada daga Faransa ka shiga wadda suka gada daga Ingila. A Najeriya sai yaro ya bi ta jarrabawar shiga jami'a ta JAMB, ya yi shekara biyar a jami'a, sannan ya ƙara kusan shekara guda a makarantar horar da lauyoyi, wadda ke da mazauni a Bwari kusa da Abuja da reshe a Bagauda ta jihar Kano. Jami'o'in Kirista masu koyar da shari'a suna da yawa a can: Bingham ta cocin ECWA a Karu, Babcock ta ƴan Adbantis a jihar Ogun, Bowen ta ƴan Baftis a Iwo. Dukansu dokar Najeriya suke koyarwa, da Turanci. Ban ce ba ta da amfani ba, ɗan kasuwar Maraɗi da kayansa ke bi ta Kano da Legas yana bukatar wanda ya san dokar can. Amma yarinyar da ke son tsayawa kan shari'ar gona da gado a ƙasar nan, ba hanyarta ba ce.

Ana nan sai ƙanwar uwarta, wadda ke aure a wani birni na ƙasashen da muke kashe sefa ɗaya da su, ta bugo waya. Ta ce kusa da gidansu akwai jami'ar ƴan Katolika mai sashen shari'a, ajin ba cunkoso, kuma in yarinyar ta samu wuri, a ɗakinta za ta zauna. Irin waɗannan jami'o'i ba ɓoyayyu ba ne. Akwai UCAO, wato Jami'ar Katolika ta Afirka ta Yamma, wadda bishof-bishof na Afirka ta Yamma suka kafa a 2000, mai rassa a Abijan, Bamako, Lome, Kwatano da Bobo Julaso. Akwai Saint Thomas d'Aquin kusa da Wagadugu, akwai kuma ta Afirka ta Tsakiya a Yawunde. Da faransanci suke karantarwa, tushen dokarsu da tamu ɗaya, kuma a fannin kasuwanci ma doka guda ce ke aiki, ta OHADA, wadda aka rattaba wa hannu a 1993, ƙasashe 17 ke bin ta har da Nijar, babbar kotunta na Abijan. Ba zan faɗi wadda muka nema ba, don ba talla na zo yi ba.

Da maganar ta kai kunnen yayana, wanda shi ne babban gidanmu tun rasuwar Baba, da kansa ya rufe shago a babbar kasuwa ya zo. Bai ko karɓi ruwa ba. Ya ce, "Ƙanena, kai da ka karantar da ƴaƴan mutane, ka ɗauki ɗiya mace ka kai ta inda anka rataya gicciye bisa kowane bango? Wanga abu ba da ni ba." Na ce, "Yaya, ai kai ma a Galmi aka yi maka aikin kaba, kuma ka dawo da sallarka." Ya ce, "Asibiti jiki ake kaiwa, kwana bakwai a sallamo ka. Makaranta zuciya ake kaiwa, shekara biyar tana hannunsu." Edita, daren nan ban yi barci ba, don na san ya faɗi gaskiyar da ba a ture ta da hannu ɗaya. Na ga yadda yaro ke ɗaukar tafiyar mushensa, da maganarsa, har da yadda yake riƙe biro. Waɗanda ke cewa tsoron irin su yayana jahilci ne, ba su yi masa adalci ba. Amana ce yake tsoron a tambaye mu gobe.

Na koma wurin Majo na faɗa masa abin da yayana Alhaji ya ce, ina zaton zai kare nasu. Sai ya ce, "Mushe, ba ni yi maka ƙarya. Duk makarantar da masu bi suka gina, suna fatan wanda ya shigo ya ji bishara. Amma ba duka ke tafiya iri ɗaya ba. Akwai wadda sujada dole ce ga kowa, ana ɗaukar suna a ƙofar majami'a. Akwai wadda ba ruwanta da inda ka fuskanta in za ka yi addu'a. Kada ka tsaya ga bakina, kada ka tsaya ga bakin Alhaji. Rubuta musu, su amsa maka a rubuce." Ban taɓa ganin girmansa kamar ranar ba.

Daga nan na tafi wurin limamin unguwarmu, wanda a hannunsa yarinyar ta sauke Alƙur'ani. Bai ce mini e ba, bai ce a'a ba. Ya tuna mini cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tura sahabbansa Habasha wurin Najashi, sarki Kirista, saboda ba a zaluntar kowa a ƙasarsa, kuma fursunonin Badar da ba Musulmi ba ne sun fanshi kansu da koya wa yaran Madina rubutu. Sannan ya ce in samo masa amsar abu uku. Za a sa ta faɗi ko ta aikata abin da ya saɓa wa tauhidi? Za ta samu yin salla a kan lokaci da suturarta? A hannun wa za ta kwana? Na kuma tambaye shi batun da wasu samari ke yaɗawa, wai karatun dokar Nasara shi kansa haramun ne. Ya ce matar da aka cinye wa gado, a ƙarshe gidan shari'ar nan take zuwa, ko muna so ko ba mu so. Kuma haka abin yake: a ƙasar nan, shari'ar aure, saki, gado da gonakin da ba su da takardar Nasara, da al'adar masu ƙara ake yanke ta, akwai kuma masana al'ada da addini da ke zama gefen alƙali suna ba shi haske. Ya ce in ƴaƴanmu da suka san fiƙihu suka guje wa wurin, wa muka bar wa marayu?

Makarantu biyu muka rubuta wa, ita ta tsara wasiƙar ni na gyara. Ɗaya a kudancin Najeriya, don Majo ya ce mu gwada mu ga bambanci, ɗaya kuma wadda ke kusa da gidan innarta. Ta farko ta amsa cikin kwana uku, ba ɓoye-ɓoye: kowane ɗalibi a cikin makaranta yake kwana, kuma halartar sujada wajibi ne a kan kowa, ko mene ne addininsa. Na rubuta na yi musu godiya. Gidansu ne, ƙa'idarsu ce, kuma sun fi mini wanda zai lulluɓe ni da daɗin baki. Muka ajiye tasu gefe. Ta biyu sai da ta kwana goma sha biyu. Suka ce ƙofarsu a buɗe take ga kowa, zuwa majami'a ba dole ba ne, ɗaliba na iya sa hijabinta muddin fuskarta na waje, babu masallaci a cikin harabar amma ba a hana kowa fita salla tsakanin darussa. Suka kuma faɗi wani abu da ban tambaya ba: akwai darasi guda na tarbiyya da koyarwar cocinsu a kan zaman jama'a, kowa sai ya ɗauka, ana kuma jarrabawa a kansa. Ban tsaya ga takarda ba. Na roƙi mijin innarta ya taka ya je. Ya tsaya bakin ƙofa lokacin tashi, ya tare ƴan mata biyu masu hijabi ya tambaye su, ya kuma auna tafiya daga ajin zuwa masallaci mafi kusa, minti shida a ƙafa. Gicciyen da Yaya ya faɗa yana nan a bango, ya gan shi da idonsa.

Darasin nan guda har yanzu yana mini nauyi a rai, ba zan ɓoye ba. Na nemi su aiko mini da jerin abin da ke ciki, na kai wa liman muka duba tare. Mafi yawansa maganar haƙƙin ma'aikaci ne da talaka da riƙon amanar dukiyar jama'a, amma daga littattafansu aka ciro, da hujjojinsu. Abin da muka tsayar shi ne, in Allah ya sa ta tafi, Asabar da Lahadi tana islamiyyar unguwar innarta, kuma duk abin da ya shige mata duhu ta bugo wa liman waya.

Sai haɗa dosiye, wanda ya fi cin rai fiye da yadda na zata. Sun nemi shaidar bak da takardar makin da ta samu, takardar haihuwa, shaidar zama ƴar ƙasa, hotuna, kuɗin ajiye dosiye, da wasiƙar da ɗaliba za ta bayyana dalilin son karatun. Kowace fotokopi sai an kai an buga mata hatimi. A nan muka ci karo da abin da nake roƙon iyaye su duba tun yaro na kolej: sunana a takardar haihuwarta da wanda ke shaidar bak sun bambanta da harafi ɗaya tak. Mu a ido ba komai ba ne, amma a wurinsu mutum biyu ne. Mako uku na yi ina zirga-zirga a kabu-kabu kafin a gyara. Wasiƙar dalili kuwa, ta farko da ta rubuta cike take da manyan kalmomin da ta tsinto a intanet, kowa ma zai iya sa hannu a ƙasanta. Na ce mata, "Ina gonar kakanki a cikin wannan?" Ta yi shiru, ta shiga ɗaki. Wadda ta fito da ita da safe shafi ɗaya ce, ta faɗi shekarar aro, da shaidu ukun da suka rasu, da mayafin kakarta. Ban taɓa ko waƙafi ba a ciki. A fom ɗin akwai gurbin addini. Wani ɗan uwanmu ya ba da shawara a bar shi fari, wai kada a ture ta. Ta ce, "Baba, in don wannan za su ƙi ni, gara su ƙi ni tun ina gida." Ta rubuta Musulma da hannunta.

Abu na ƙarshe da ɗan Majo ya nuna mana shi ne CAMES, hukumar da ke tantance digirori a ƙasashenmu masu faransanci, wadda a Yamai aka yanke shawarar kafa ta a 1968, mazauninta kuma na Wagadugu. Tana da jerin digirorin da ta amince da su. Abin lura shi ne ba sunan makaranta kaɗai ake dubawa ba, shi kansa digirin ake nema a jerin, don jami'a ɗaya na iya samun amincewa a wani fanni ba ta samu a wani ba. Mun duba lisans ɗin shari'arsu, wato digirin farko, mun same shi. Da ba mu same shi ba, da ko masallaci suka gina mata a tsakar makaranta ba ta zuwa.

Hanyar kuma doguwa ce, kada wani ya yaudari kansa. Lisans shekara uku, mastar shekara biyu, sannan jarrabawar CAPA ta cancantar aikin lauya, sannan horon shekara uku a ofishin wani lauya kafin ta tsaya da ƙafarta. In alƙalanci ta zaɓa, sai ta ci gasar shiga makarantar horar da alƙalai a Yamai. Dokar iyali da ta filaye ta Nijar kuwa, sai ta dawo ta zauna ta koye su, don ba za a karantar da ita su a ƙasar wasu ba. Kuɗin makarantar na shekara ɗaya ya kusa fanshona na wata bakwai, ban sa abinci da littattafai ba. Yayyenta maza biyu sun ɗauki rabi, uwarta ta ce za ta ƙara yawan ƙuli-ƙuli da man gyaɗar da take kaiwa kasuwa Litinin da Juma'a. Ga kuma halin da hanyoyin mota ke ciki a yankin nan, wanda ya sa dole mu lissafa da kuɗin jirgi, ke nan ba za ta riƙa zuwa gida kowane hutu ba. Uwarta ta fi jin wannan fiye da komai.

Yayana bai sauko ba har yau. Na kai masa amsar makarantar na fassara masa layi bayan layi, na faɗa masa abin da liman ya ce. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Ɗiyarka ce, amma ka sani kai za a tambaya." Na ce na ɗauka. Ya ce in Tawa ta ba ta wuri, shi can ya fi so. Wannan ma ban rufe ƙofarsa ba. Jarrabawar shiga farkon watan gobe ce, rubutun faransanci da sanin duniya, sai ganawa baki da baki. Tana nan tana bita, ni ke ba ta jigo kowace safiya ina gyarawa da jan biro.

Edita, roƙona gare ka biyu ne. Mafi yawan lauyoyin ƙasar nan a Yamai suke zaune, mu na nan ba mu da wanda za mu tare a hanya mu tambaya. Ka ware shafi kowace shekara, lokacin da sakamakon bak ke fitowa, a yi wa iyaye bayani da Hausa: wace ƙasa ke koyar da wace doka, yaya ake duba jerin CAMES, me hukumar gwamnati ta ANAB ke ɗauka a tallafin karatu me kuma ba ta ɗauka. Na biyu, ina kira ga waɗanda suka yi karatun shari'a a irin waɗannan jami'o'i, Musulmi da Kirista, maza da mata, su rubuto wa jaridar nan. Su faɗa mana yadda suka yi da jarrabawa cikin azumi, ko abin da aka rubuta musu a takarda shi suka tarar, kuma da suka dawo gida digirin ya shige musu gasar aiki ko sai da suka sha wuya.

Mutumin jakar nan kuwa na kai ƙararsa wurin ƴan sanda da rasin da ya ba ni. A kan bencin jira na tarar da wani uba daga wajen Tsibiri, Kirista, riƙe da rasi irin nawa sak, hatimi ɗaya, rubutu ɗaya, sai dai nasa jikka 200 ne. Shi an ce masa ɗansa ne zai fara samun wuri saboda yana da takardar baftisma. Buhunan gero ya sayar ya biya. Har yanzu ba a kama mutumin ba, kuma an ce an gan shi wajen Tasawa. Duk wanda ya zo wa da wannan zance, kada ya ba shi ko dala, ya sanar da hukuma.

Na gode da haƙurin karantawa. Allah ya ƙara wa jaridarka albarka.

Naka,
Wani uba, tsohon mushen lakwal,
Unguwar Zariya, Maraɗi.